A Bar 'Yan Koyon Ɗinki Su Bi Yayi: Martani Ga Mai Kukan Lalacewar Sutura

Kwanan baya wani marubuci ya fitar da maƙala mai zafi a kan sutura, ya tara laifuffuka uku ya jibga wa yayi da masu koyon ɗinki. Na farko, a ganinsa yayi baƙo ne da waya da finafinai suka shigo da shi, ya raba Bahaushe da tufafinsa na gado. Na biyu, wai son yayin ne ya sa aka juya wa kayan gida baya har masaƙu suka mutu. Na uku, wanda ya fi ciwo, ya ɗauki samari da 'yan matan da suka cika shagunan teloli a matsayin waɗanda boko ya kayar suka fake da keke, har ya yi musu albishir cewa 'yan kanti na Sin da Turkiyya da gwanjo za su kore su daga kasuwa ba da jimawa ba. Malamin ya iya alƙalami, kuma damuwarsa da tarbiyya abin yabo ce. Sai dai da alama ya daɗe bai zauna a bencin tela ba.

A ɗauki Kunduru, a mazaɓar Kunduru/Gyaza ta Ƙaramar Hukumar Kankiya a Jihar Katsina. Garin manoma ne, ba inda mutum zai je neman kanti mai gilashi ba. Duk da haka yayi yana isa can da ƙafarsa. Amarya ta yi shiga a Kano ko Abuja, hotonta ya hau Instagram ko TikTok, ya faɗa WhatsApp, kafin mako ya zagayo yana cikin wayar wata budurwa a ƙauye. Ta ɗauki atamfarta ta miƙa wa tela tare da wayar: irin wannan take so. Atamfar daga Kantin Kwari ta fito, ta biyo hanyar Bichi da Tsanyawa da Gidan Mutum Ɗaya ta sauka Kankiya. Kuɗin yadin ya bi wannan hanyar ya koma Kano, daga can ya haye teku. Kuɗin ɗinkin kuwa a garin ya kwana. Da shi tela zai sayi taki, ya sallami yaransa, ya yi cefane a wurin maƙwabcinsa. Wannan rabon kuɗi guda biyu shi ne abin da maƙalar malamin ta tsallake, kuma a kansa duk maganar take.

Batun cewa yayi baƙo ne, tarihi bai goyi bayansa ba. A farkon 1851 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya taso daga Katsina ya bi ta Kusada da Bichi ya shiga Kano. Abin da ya fi ɗauke masa hankali a birnin shi ne saƙa da rini da cinikin tufafi. Ya rubuta cewa kayan Kano suna kaiwa Timbuktu da Gat da Murzuk har Tarabulus, ya kuma ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 aƙalla. Fataken da ke dakon waɗannan kaya ba da ka suke saye ba. Sun san irin turkudin da Buzaye ke so ya yi sheƙi, sun san wanda ya kwanta. Marinar Ƙofar Mata da ta Kura suna rini ne gwargwadon abin da mai saye ke nema.

Haka babbar rigar da malamin ke kira ta gado. Aska biyu, aska takwas, malum-malum: kowanne akwai ranar da wani gwanin surfani ya fara zana shi, wasu suka gani a jikin wani basarake suka ce su ma irinsa suke so. Ko a zamanin da mutane da yawa za su iya tunawa, an yi yayin doguwar hula irin ta Shugaba Shehu Shagari tsakanin 1979 da 1983. An yi yayin rigar tazarce lokacin da ake kiran Janar Sani Abacha ya zarce a 1998. Ɗaurin ture-ka-ga-tsiya ya yi zamaninsa a kan iyaye, ya ɓace, ya dawo kan jikokinsu. A duk waɗannan babu wanda TikTok ta ƙirƙiro.

Yadin ma a duba asalinsa. Shaddar da ake taƙama da ita ranar Idi, mafi tsadarta kamfanin Getzner ke saƙa ta a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya. Atamfar Holan da ake auna darajar lefe da ita ta kamfanin Vlisco ce da ke Helmond, wanda aka kafa tun 1846. Leshi mai kyau daga Suwizalan da Ostiriya ya fara shigowa. Abin da malamin ke ganin shi ne gargajiya, yayin kakanninsa ne da ya daɗe har aka manta ranar zuwansa.

Zargi na biyu ya fi na farko rauni. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, da UNTL da ta rufe ƙofarta a 2007 ta sallami dubban ma'aikata, ba sauyin hannun riga ne ya durƙusar da su ba. Rashin wutar lantarki ne, da tsadar baƙin man da injina ke sha, da tsofaffin injina, da karyewar darajar naira tun daga tsarin SAP na 1986. Sannan aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, aka kuma kawo ƙarshen ƙayyade kason cinikin tufafi na duniya a farkon 2005, kayan Sin masu araha suka kwararo, wasu ta tashar jiragen ruwa, wasu ta ɓarauniyar hanya ta kan iyakar Nijar. Manomin auduga na Funtuwa da Malumfashi da Bakori ya sha wannan wuya, kuma ya san ba 'yar koyon ɗinki ce ta jawo masa ba. Tela duk yadin da aka ɗora masa a tebur shi zai yanka, na Kaduna ne ko na Guangzhou.

Tambayar da ta kamata malamin ya yi ita ce: me ya sa saƙa ta faɗi, ɗinki bai faɗi ba? Amsar tana jikin kowa. A dubi kayan da fasalinsu ba ya sauyawa: singileti, wandon jins, rigar ƙwallo, jallabiyar maza. Duk 'yan kanti ne ko gwanjo, domin masana'anta za ta iya ɗinka miliyan iri ɗaya ta jibge a kasuwa. A dubi kuma kayan da fasalinsu ke juyawa kowace Salla, riga da siket na atamfa, bubu, doguwar rigar leshi, kaftani mai aiki a wuya. Waɗannan har yau sai an je an yi awo. Mai masana'anta a Sin ba zai iya bin sawun abin da ke sauyawa tsakanin ƙaramar Salla da babba ba, balle ya san faɗin kafaɗar wani magidanci a Gyaza. Inda fasali ya tsaya cik, 'yan kanti sun cinye kasuwa. Inda yayi ke motsi, tela na nan da abincinsa. Wanda ya ce a kashe yayi don a ceci sana'ar gida, ya yanke reshen da yake zaune a kai.

Malamin ya yi ta kawo misali da ƙasashen Turai, kuma a nan ne ya haɗa abubuwa biyu da ba su da alaƙa. Yayin manyan titunan London da Madrid tsari ne na kamfanoni irin su Zara da H&M, da na intanet irin su Shein, masu fitar da sabon fasali cikin 'yan makonni, a ɗinka da araha a ƙasashen talakawa, a sa sau kaɗan a yar. Duniya ta ga farashin wannan tsari ranar 24 ga Afrilun 2013, lokacin da ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka ta Bangaladash, ya kashe mutum fiye da 1,100, akasarinsu masu ɗinka wa kantunan Turai da Amurka kaya. Ragowar kuma Afirka ake turo wa. Masu bin diddigin lamarin sun ƙiyasta cewa kasuwar Kantamanto ta Accra tana karɓar tufafin gwanjo kimanin miliyan 15 a mako, kuma kaso mai yawa a bola yake ƙarewa. Dilolin da ake kwancewa a Ƙofar Wambai ta Kano daga wannan kogin suka fito. Idan wannan ne malamin ke suka, to a ba shi hannu. Amma rigar da aka auna wa mutum ɗaya, ya sa ta Salla, ya sa ta Juma'a da biki, ta koɗe ya ba ƙanensa, daga baya ta zama zanen goyo ko tsumman faci, ba ta cikin wannan lissafi.

Saura zargi na uku, na cewa koyon ɗinki mafakar ragwaye ce. Yaron da aka kai shagon tela ba ya taɓa almakashi a watanninsa na farko. Shara ce da sassafe, da goge kekuna, da ɗiga musu mai, da hura gawayin dutsen guga. Sai aike: sayo zare kala kaza, kai riga wurin mai surfani, karɓo maɓalli da zif. In oga ya tashi salla, ya faki ido ya hau keke ya koyi takawa ba zare, har ƙafarsa ta daina mayar da keken baya. Daga nan a ba shi takardar buhun siminti ya yi ta bin layi, sannan ƙyalle, sannan kalmasar ƙafar wando, sannan aljihu, sannan wuya. Yanka ne na ƙarshe, domin kuskuren allura ana farke shi, na almakashi kuwa sai dai a biya mai kaya.

Ranar da aka miƙa masa almakashin, lissafi ne tsagwaronsa. Yadi biyar na shadda, a fitar da riga da wando, a bar na aljihu, kada a yi gaci. Turmin atamfa yadi shida, a fitar da riga da siket da ɗankwali, a kuma tabbatar zanen furen bai kife ba, na gaba ya haɗu da na baya a ɗinkin gefe. Inci da rabi, inci da kwata, a raba ƙirji gida huɗu, a ƙara na ɗinki. Yaron da aka ce lissafi ya kore shi daga aji, ga shi yana yin sa da alli a kan kayan da kuɗinsu ya fi abin da zai samu a wata.

'Yan mata kuma tasu makarantar a cikin gida take. Bayan wanke-wanke da ɗora tukunya, yarinya ta tafi gidan wata matar aure mai keke, ta zauna a tabarma tana sa maɓalli da jera duwatsu a wuyan riga, la'asar ta wuce Islamiyya. In Allah ya sa iyayenta sun iya, ranar aurenta a sa mata keke Butterfly a cikin kayan ɗaki. Da wannan keken za ta yi adashi, ta sayi sabulu da maganin yara, ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Mai kishin tarbiyya ya kamata ya fi kowa murna da wannan.

Shekarar ɗan koyo ma a tsare take. Da damina shago ya yi sanyi, oga da yaransa suna gona. Bayan kaka kuɗi ya shigo hannu, bukukuwa su kankama, anko ya yi ta zuwa. Da azumi kuwa ba barci: a sha ruwa a kan keke, a yi asham a dawo, a kunna fitila mai caji har sahur. A waɗannan darare ne yaro ke koyon abin da bai koya ba a wata shida, don aiki ya fi ƙarfin oga, dole ya saki wani. Kowane sabon fasali da aka kawo a waya darasi ne: yau hannu mai tattara, gobe shafi, jibi wuyan da bai taɓa gani ba, sai ya juya hoton ya ƙara masa girma da yatsa ya gano inda aka ɓoye ɗinkin. A cire yayi daga shagon, an cire masa manhajar karatu.

Kuma sana'ar ba ta tsaya a bencin ƙauye ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen zanen masana'antu inda ake karanta fannin tufafi har digiri, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ma tana koyar da saƙa da zanen sutura. A Nijar, Alphadi ya kafa bikin nunin suturar Afirka na FIMA a 1998 a hamadar Tigidit kusa da Agadas, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta naɗa shi jakadan zaman lafiya ta fuskar fasaha. Shi kansa Amancio Ortega, wanda ya buɗe shagon Zara na farko a 1975 a A Coruña ta Sifen, yaron aike ne a shagon mai ɗinka riguna tun yana ɗan shekara 14. Ba kowane ɗan koyo ne zai kai can ba, amma hanyar da suka bi ita ce wadda malamin ke yi wa dariya.

Akwai inda maƙalar ta faɗi gaskiya, kuma ba za a ɓoye ba. Ana ɗinkin da ke matse jiki har mai shi ta kasa zama. Anko ya zama haraji a kan ƙawayen amarya, wata sai ta ci bashi. Tela na karɓar kayan da ya san ba zai gama ba, a wayi gari ranar Idi ana rigima a ƙofar shago. Duk wannan haka yake. Amma mai kaya ce ke zuwa da hoto, iyaye da miji ne ke biyan kuɗin, ɗan koyo shi ne na ƙarshe a jerin masu yanke shawara. Lokacin da Hukumar Hisbah ta Kano ta hana amfani da mutum-mutumi mai kai a shagunan tufafi a 2021, teloli sun ci gaba da aikinsu, domin a nan ba mutum-mutumi ke tallar ɗinki ba, jikin maƙwabciya ne a gidan biki. Sannan malamin ya manta cewa yayi ba hanya ɗaya yake bi ba. Hijabin da ya game ƙasar Hausa tun daga shekarun 1980, lokacin da Islamiyyun matan aure suka yawaita bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, shi ma gani aka yi aka kwaikwaya, kuma telolin unguwa ne suka ɗinka shi. Bubu mai yalwa da dogon hijabi har ƙasa da 'yan mata ke so yanzu, yayi ne ya kawo su kamar yadda ya kawo matsattsun.

Matsalolin ɗan koyon ɗinki a wuri irin Kunduru suna nan, amma malamin bai ambaci ko ɗaya ba. Wuta ce ta farko. Keken ƙafa zai yi ɗinki, amma keken surfani da na gyaran bakin ƙyalle da dutsen guga na zamani sai da lantarki. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kunna janareto ya zama abin lissafi. Naira da ake canjinta wajen 460 a dala a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a 2024, kuma keke da allura da zare da zif duk daga waje suke zuwa. Aikin kwamfuta da samari ke so a wuyan kaftani, injinsa yana birni, sai telan ƙauye ya haɗa riguna ya aika, kuɗin mota da na mai injin su cinye ribar.

Ta biyu ita ce rashin tsari. Yawanci babu takardar yarjejeniya tsakanin oga da iyayen yaro, babu ranar yaye. Wani ogan ya riƙe sirrin yanka shekara da shekaru don kada ya rasa mai yi masa guga. In an yaye yaron ma, babu takardar shaidar da zai nuna wa banki ko mai ba da kwangila. Alhali Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda ɗan Jihar Katsina Farfesa Idris Bugaje ya karɓi shugabancinta a 2021, tana da tsarin gwada wanda ya koyi sana'a a hannun oga a ba shi shaida. Jihar Katsina tana da Ƙauyen Koyon Sana'o'i na Matasa da aka kafa zamanin Gwamna Ibrahim Shema, tana kuma da hukumar KASEDA ta bunƙasa ƙananan sana'o'i da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa, shi da ya taɓa shugabantar SMEDAN ta ƙasa. Abin da ya rage shi ne waɗannan ƙofofi su buɗu ga yarinyar da ke koyo a tsakar gida, wadda ba za ta iya tafiya birnin Katsina ta zauna ba.

Don haka kira ga shugabannin Ƙananan Hukumomin Kankiya da Kusada: a haɗa telolin kowace mazaɓa a ƙungiya, a kafa musu wurin aiki mai wutar sola da injin surfani na haɗin gwiwa, a kawo masu gwaji su ba 'yan koyo shaida a garuruwansu. Duk kayan makaranta da na ma'aikatan asibiti da za a ɗinka da kuɗin jama'a, a ba telolin yankin. Su ma ogannin su rubuta wa iyaye ranar shiga da ranar yaye, su daina karɓar abin da ya fi ƙarfin kekensu da azumi. Shi kuwa malam marubuci, kafin maƙalarsa ta gaba, ya ɗauki yadi biyar ya kai wa wani ɗan koyo a Kankiya ko Kusada, ya zauna ya ga yadda ake fitar da riga, sannan ya biya kuɗin ɗinki ba tare da ya nemi ragi ba.